Tambarin Daddawar Inna

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sara ya san daddawar Inna Hadijatu ta Kwandiko, ko da bai san fuskarta ba. Kowane ƙulli sai ta danna masa babban yatsanta kafin ta shanya, kuma a tsakiyar shaidar akwai wani layi da ya ratsa, tabon laujen da ya yanke ta wajen yankan shinkafa tun tana budurwa. Masu saye kan juya daddawa su nemi layin nan. In babu, su ajiye.

Ni ne autanta. Da kuɗin daddawar nan ta kai ni har na zama malamin firamare, kuma da ilimin da ta saya min na ci mata mutunci.

Inna mace ce mai kara, irin ta mutanen da. Ɗanta na fari, yayana Badamasi, ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai "wancan". In ya yi abin kirki ta kau da kai, in aka yabe shi ta tashi ta ba da wuri. Amma Ashiru, ɗan aminiyarta da ta rasu ta bar shi yana rarrafe, shi ne ɗan gaban goshi. Ita ta goya shi, ita ta yi masa aure.

Sai ga zaɓen kansila ya zo. Jam'iyya mai mulki ta tsayar da Badamasi, ta adawa ta tsayar da Ashiru. Gari ya rabe biyu, har majalisar mai shayi ta zama biyu. Ni kuwa na zama wakilin Yaya a rumfarmu, ina hura hanci kamar ni za a rantsar. Sau uku ina zaunar da Inna ina nuna mata inda za ta dangwala. Ita dai "to" kawai take cewa.

Ranar zaɓe, bayan la'asar, aka zazzage akwati a gindin darbejiyar makaranta. Jami'in zaɓe yana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, ana tafiya kunnen doki. Can ya ɗaga wata, ya ce, "Wannan ta lalace. An dangwala wa biyu."

Raina ya ɓaci, don kowace ƙuri'a zinariya ce a lokacin. Na ɗaga murya yadda har matan da ke zaune a bakin katanga za su ji, na ce, "Jama'a, ku zo ku ga inda akuya ta taka takarda! Wace dabba ce wannan?"

Aka kwashe da dariya, har da 'yan adawa. Daɗi ya kama ni, na matsa kusa don in ƙara. Baba Ɗanbala, mai gadin makarantar, shi ma ya leƙo, ya ƙura wa takardar ido. Ya ce a hankali, "Malam, ai wannan tambarin daddawa ne."

Na duba. Shaidar yatsa biyu, kowace da farin layi ya ratsa ta. Maganar ta bi baki zuwa baki, dariyar ta mutu. Na waiga bakin katanga, na hango Inna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta kama hanyar gida ba gaggawa. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Ko wanda ya ci rumfar ban tsaya na ji ba.

Na iske ta a tsakar gida tana kwashe tuwo. Na durƙusa a gabanta. Ta turo min kwano, ta ce, "Ci. Akuya ce ta dafa."

Na ce, "Inna, ki yafe min. Ban san taki ba ce."

"In ta wata ce fa? Ita ba uwar wani ba ce?" Ta ci gaba da kwasa. "Ka ce in zaɓi wancan. In zaɓi nawa in bar maraya, da wane ido zan dubi uwarsa gobe kiyama? In kuma na bar wancan, ai ni na haife shi. Sai na ba kowa nasa."

Ba ta ƙara tayar da zancen ba, kuma ta ce ta yafe. Amma tun daga makon nan ta daina danna daddawarta da yatsa, sai da bayan cokali. Ran kasuwar Sara da ta wuce, a gabana wata mata ta ɗauki ƙulli, ta juya, ta sake juyawa, ta ce, "Wannan ba ta Inna ba ce," ta ajiye. Inna tana zaune a bayan faifan daddawarta, hannunta cikin mayafi.