Ƙyauren Badaru Maɗori

A Dutsi, in aka ambaci Badaru maɗorin dabbobi, sai an fara da akuyar Shatu. An kawo ta da karaya a ƙafar hagu, shi kuwa bakinsa na can wajen labarin damunar bara, ya jera karan dawa ya ɗaure ta dama tamau. Akuya ta tashi ta rasa ƙafar da za ta ɗingisa da ita. Tumakin da ya ɗora suka warke ba su ƙirguwa, amma ba wanda ke tuna ko ɗaya.

Tun rasuwar matarsa Safiyatu, gidan ya koma daga shi sai Duna, baƙin jakinsa, ɓarawon hatsi na gaske. Saboda Duna ne ma ya sa wa ɗakinsa ƙyauren katako, don ya daina turo kai yana cin dawa.

Wata damuna Duna ya zame da kayan taki ya faɗa kwazazzabo. Aka ciro shi, ƙafafun baya ba sa motsi. Badaru ya je Daura ya ɗauko malamin dabbobi. Malamin ya bi gadon bayan da yatsa, ya ce, "Baba, ƙafa sanda ce, kara yana riƙe ta. Baya kuwa azara ce tsakanin bango biyu, ko numfashi ya ja sai karayar ta motsa. A manyan birane ana haɗa na karnuka da ƙarfe da kusoshi, amma nauyin jaki lanƙwasa ƙarfen zai yi."

Badaru ya ce to, ya yi godiya. Baƙo na tafiya ya ɓalle ƙyauren nan, maƙwabta suka kama masa aka kwantar da Duna a kai, ya ɗaure shi da tsummoki da igiyar rama don bayan ya miƙe. Dawar da ya daɗe yana hana shi, yanzu a tafin hannu yake ba shi.

Duna bai ga kaka ba.

Ƙyauren yana nan jingine da garu, ɗaki a buɗe, ruwa na shiga, kaji na shiga. Ran nan taubashinsa Abbas ya leƙo ya ce, "Kai tsohon banza, ka ɗora lafiyayyar ƙafa, ka ɗora katako, saura turmi! Ka mai da ƙyauren mana, sanyi na tafe."

Badaru ya kalli turken Duna da ba kowa, sannan ya ce, "In rufe wa wa? Mai turo kan ai ya tafi."