'Yar Mutane a Kasuwar Legas

Mu uku muka tafi ganin Legas, kuma babu abin da ya kai mu sai kwaɗayin ido. Ni malamin lakwal ne a Tsarnawa, wato makarantar bokonmu ta Faransanci, lokacin ana hutu. Na biyu tela ne a Konni, mutum mai baki kamar rediyo, wanda ya taɓa zama a Legas yana saurayi, ya dawo ya hana fadarmu ta shayi sakat da labarin teku. Na uku mutumin Bazaga ne, mai amalanken jaki, dogo ƙwarai, in zai shiga shagon tela sai ya sunkuya. Bai da yawan magana. In tela ya fara cika baki, sai ya kurɓi shayi ya ce, "Ruwa dai ruwa na." Shekarar da wake ya yi kyau muka ce to, gani ya kori ji, a tafi a gani.

Mun sauka wajen wani ɗan Malbaza mai sayar da albasa, wanda ya daɗe a can. Ya ja mana kunne a kan aljihu, a kan waya, a kan tsallaka titi, har a kan yadda ake amsa wa yaran mota. Abu ɗaya ne bai faɗa mana ba, kuma ban ga laifinsa ba, don bai taɓa zaton akwai mai hankalin da zai yi shi ba.

Kwanakin farko mun sha kallo. Mun hau doguwar gadar nan da ke tafiya bisa ruwa har mutum ya manta da ƙasa. Mun tsaya gindin benaye muna ɗaga kai, hular tela ta faɗi a kwata, muka yi ta yi masa dariya. A bakin teku mutumin Bazaga ya naɗe wando, ya ɗebo ruwa da tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar. "Duk wanga ruwa," in ji shi, "ko jaki ba ya sha nai. Asara dai." Ina da hotonmu na ranar, har yanzu yana cikin wayata, shi ne na tsakiya, kansa ya kusa fita daga hoton.

Ran da abin ya faru tela ya ja mu wata babbar kasuwa zai sayi zare da yadi. Hantsi ne, rana ta fara zafi. Ban taɓa ganin mutane haka ba, kowa na sauri kamar an biyo shi. Tela ya shige gaba yana ciniki da guntun Turancinsa, mu biyu muna biye muna ƙauyanci. A tsakiyar hanya, inda masu dako ke wucewa da kaya, muka ga wata yarinya ƙarama, ba ta fi shekara uku ba, takalmi a ƙafa ɗaya, tana tsala kuka. Mutane na kewaye ta suna wucewa, ko kallo babu.

A wajenmu an san abin da ake yi. In yaro ya ɓace wa uwarsa a kasuwa, wanda ya fi kusa shi ke ɗaukarsa. A share masa majina, a saya masa ƙosai ko alawa ya yi shiru, sannan a ɗora shi a wuya, a bi rumfa-rumfa ana cigiya, don uwa ta hango shi daga nesa. Dogon mutum kuwa shi ake nema da wannan aiki. Abokina na Bazaga ya yi haka a kasuwar Konni sau ba adadi, har mata na yi masa ba'a suna cewa Allah ya yi shi ne don cigiya. Don haka bai tsaya shawara ba. Ya durƙusa ya goge mata fuska da bakin rigarsa, ya sayi biskit a wani teburi ya damƙa mata, ya ɗaga ta cak ya ɗora a wuya. Yarinya ta kama kunnuwansa ta yi shiru. Ya fara tafiya yana ɗaga murya da Hausa, a garin da ba Hausa ake ji ba: "Ɗiyar wa ta? Jama'a, ɗiyar wa ta?"

Ni kuma ina bayansa ina murmushi, ina jin daɗi a raina wai yau za mu koya wa mutanen birni tausayi.

Tela ne ya waiwayo ya gan mu. Yadin da ke hannunsa ya faɗi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Aje ta!" ya yi ihu. "Kai, aje ta ƙasa, don girman Allah!"

"In aje ta a take ta?" in ji mutumin Bazaga. "Bari dai mu ishe uwatta."

Bai rufe baki ba wata mata ta kwarma ihu daga bayanmu. Ban ji yarenta ba, amma ihun uwa ba ya bukatar tafinta. Ta taho a guje, ɗankwali ya faɗi, tana nuna shi tana maimaita kalma guda. Kan ka ce kwabo kasuwar da ba ta da lokacin kallon yarinya ta sami lokacinmu.

Abin da ba ya fita raina shi ne, da fara'a ya juya. A zatonsa aiki ya yi kyau. Ya kama yarinyar da hannu biyu zai sauke ta, yana cewa, "Ga ɗiyarki, baiwar Allah, ga ta." Tana sama a hannunsa wani ya maka masa katako a kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashin, kamar an karya kara. Bai saki yarinyar ba. Ya durƙusa da ita a hankali har ƙafafunta suka taɓa ƙasa, uwar ta fizge ta, sannan suka rufe shi.

Na sha ganin an kama ɓarawo a kasuwa, na ga mari, na ga bulala. Wannan daban ne. Dukan kawo wuƙa suka yi masa, da katako, da benci, da dutsen awo, da ƙafa. Wani ya tsinci biskit ɗin nan ya ɗaga sama yana juyawa yana nuna wa jama'a, sai ihu ya ƙaru. Daga baya na ji cewa a can an ce da irin haka masu satar yara ke yaudararsu. Abin da muke kira kirki, shi ne shaidar da aka kama shi da ita. Allah ɗaya, gari bamban.

Na kutsa ciki ina ture mutane, ina ihu da Faransanci, ni da nake gyara wa yara harshe kullum, amma kalma ɗaya ba ta yi mini rana ba. Na koma Hausa, ita ma haka. Wani ƙato mai singileti ya shaƙe mini wuya, ya tambaye ni wani abu, kafin in buɗe baki ya maka mini kwalba a baki. Na ji haƙorana a kan harshe kamar tsakuwa. Na faɗi. Daga ƙasa, ta tsakanin ƙafafun mutane, na hango abokina. Ya dunƙule, hannu ɗaya ya rufe kai, ɗayan yana kwance a gefe kamar ba nasa ba. Rigarsa ta sallah, wadda ya sa don zuwa birni, ta yi jina-jina. Bai rama ko sau ɗaya ba, mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai. Cewa kawai yake, "Mi niy yi? Mi niy yi muku?"

Na nemi tela da ido ban gan shi ba. Wallahi a lokacin na tsine masa a zuciyata.

Sai na ga ana buɗa hanya. Wani saurayi ne ke gangaro da tayar mota. Wani kuma ya tsuguna gefen babur yana tatsar fetur a gora.  Na san abin da ake yi da taya. Suka ɗaga kansa suka zura masa ita a wuya, wuyan da yarinya ta sauka daga kai yanzun nan. Warin fetur ya tashi. Abokina ya daina tambaya, ya fara kalmar shahada. Na yi rarrafe na kama ƙafar mai gorar, ya sa dunduniya ya taka mini yatsu. Ana ta neman ashana, wannan ya laluba aljihu, wancan ya laluba.

Wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi ce ta tsaya tsakaninsa da wuta. Teburinta na kallon inda muka tsinci yarinyar, ta ga komai tun farko. Gajeriya ce, mai jiki. Ta ratso taron tana bugun mutane da faranti, ta zo ta zauna daram a kan abokina, a kan fetur ɗin, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure a ƙugu, ta fara zazzaga musu masifa da yarensu. Tana nuna inda yarinyar ta tsaya, tana nuna su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya kama hannunta zai janye ta, ta gantsara masa cizo. Mai ashana ya zo, ya tsaya da ita a hannu, ya rasa yadda zai yi. Tsohuwar ta sunkuya ta ce wa abokina da wata karyayyar Hausa, "Kwanta, yaro. Kar ka tashi."

Ba ta kashe wutar taron ba, ta dai riƙe ta. Masu jifa daga baya ba su daina ba, dutse ɗaya ma ya fasa mata goshi. Amma ɗan jinkirin nan ya isa. Sai ga tela, ba hula, ba takalmi, da 'yan dako Hausawa masu yawa a bayansa da 'yan sanda biyu. Ashe gudun da ya yi na neman agaji ne. Ɗan sanda ya harba bindiga sama, taro ya watse kamar kaji. Masu dako suka cire tayar, suka ɗauki abokina kamar gawa.

A ofishin 'yan sanda mai masaukinmu ya zo da shugaban 'yan albasa, aka yi ta bayani. Uwar yarinyar ma tana nan a kan benci, ta ƙanƙame 'yarta. An ce ta daɗe tana zagaya kasuwa tana nema kafin ta hango 'yarta a wuyan baƙo yana tafiya da ita. Na so in tsane ta, har yau ina ƙoƙari, abin ya ƙi. Waɗanda na tsana su ne masu taya, waɗanda ko yarinyar ba su gani ba, kuma ban yafe musu ba. Babban ɗan sandan ya sa aka tambayi abokina, wanda ke kwance a ƙasa ido ɗaya a rufe, wa ya aike shi ɗaukar 'yar da ba tasa ba.

"Kuka taka yi," ya ce.

Aka fassara. Ɗan sandan ya girgiza kai, ya ce a kai shi asibiti.

Ƙashin kafaɗa ya karye, haƙarƙari ya tsage, kunnen hagu ya daina ji. Muka zauna jinya a garin da muka zo yawon buɗe ido. Na koma kasuwar da ɗan goro in yi wa tsohuwar godiya, na same ta da filasta a goshi tana korar ƙuda daga kifi. Ta karɓa, ta ce in gaya wa dogon nan ya koma gida.

Da ya ɗan ji sauƙi, muka hau motar dawowa mu uku. Abokina na jingine da taga, hannun dama a rataye a wuya. In an tsaya shan ruwa, yara masu talla suka kewaye mota, sai ya runtse ido. Na ɗauka ciwo ne.

Ni na raka shi har Bazaga. Mun isa da la'asar, a amalanken wani maƙwabcinsa da muka samu a bakin hanya. Labari ya riga mu, ƙofar gida cike da mutane, tsohuwarsa na tsaye da carbi, ana ta barka da arziki. Yana sa ƙafa a ƙasa sai autarsa ta fito daga zaure a guje, 'yar mitsitsiya, ba riga, ta ɗaga hannuwa sama.

"Baba, ɗauke ni! Baba!"

Hannunsa na hagu lafiya lau yake, da shi kaɗai zai iya ɗaga irinta biyu. Amma sai ya ja da baya. Ya mayar da hannun bayansa ya ɓoye. Ya dubi dama, ya dubi hagu, yana duban fuskokin mutane, a ƙofar gidan ubansa, cikin waɗanda suka haife shi.

Tsohuwarsa ta ce, "Ɗauki ɗiyarka mana. Taka ta."

Bai motsa ba. Yarinyar ta tsaya hannuwa a sama har suka gaji, sannan ta fashe da kuka. Ni na sunkuya na ɗauke ta, ina lallashi da bakina mai giɓi. Ta yi ta zillo tana miƙa hannu wajensa, don ba ni take so ba.