Gwiwar Rabe

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallo a ƙauyukan da ke kewayen Gozaki ya san Rabe, ko aƙalla ya san ƙafarsa ta hagu. Ɗan manoma ne, ya tashi tsakanin gonar masara da filin firamare, kuma tun bai iya riƙe galma da kyau ba ya iya yanka. In ya ɗauko ƙwallo daga gefe, sai ka ga ɗan baya zaune a ƙasa yana waige-waigen inda ya bi. Wani mai neman 'yan wasa daga Katsina ya taɓa ganinsa, ya yi alkawarin dawowa bayan kaka ya tafi da shi gwaji. Ban da gonar gado, wannan alkawari shi ne duk abin da Rabe ya mallaka.

Farkon damina, a wani wasan sada zumunci, ya kafa ƙafar dama zai juya, gwiwar ta ce ɗas. Ba wanda ya taɓa shi. Mai ɗorin garin ya lalube ƙafar, ya faɗi gaskiya: ba karaya, wannan ba aikinsa ba ne. Sai aka kai shi Funtua wajen Malam Zainulabidin, likitan gashi da motsa jiki, wanda ya saba duba 'yan wasa. Shi ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar daga ciki ce ta yage, amma ba ta tsinke ba, kuma in an bi ta a hankali za ta koma.

Rabe ya bi doka, Allah ya sani. Duk atisayen da aka koya masa ya yi. In ya koma asibiti, Malam Zainulabidin kan kwantar da shi ya ja ƙwaurin ya ji ko gwiwar na sakewa, ya gwada kaurin cinyar nan da waccan. Sannan ya fitar da shi tsakar gida ya ce ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya sheƙa da gudu ya tsaya cak, ya juya ba shiri. Har fuskarsa yake kallo, don ya ga ko yana tsoron ƙafar.

To, ashe a ƙauye ma akwai likitoci, ba su da iyaka. Masallaci ne asibitinsu. Tun da ya ji ciwon, Rabe a miƙe yake barin ƙafar in zai yi salla. Ranar da ya lanƙwashe ta ya zauna tahiya kamar kowa, kafin a shafa addu'a labari ya kai majalisar mai shayi: Rabe ya warke! Da kaka ta kama aka gan shi ya saɓa buhun masara ya ɗora a kan amalanke, sai magana ta ƙare. A wurinsu, wanda ya iya sujada, ya iya noma, ya ɗauki buhu, me kuma ya rage?

A lokacin ƙungiyar garin ta kai wasan ƙarshe na gasar kaka, za ta kara da 'yan Bakori. Rabe ya hau mota ya tafi Funtua neman izini. Ya yi tsalle da hagu ya sauka daram. Ya yi da dama, gwiwar ta karkata ciki, shi kansa ya gani.

"Da saura, Rabe," in ji Malam Zainulabidin.

"Wallahi Malam ba na jin ciwo ko kaɗan. Har buhu nake ɗauka."

"Ciwo ai shi ke fara tafiya, ƙarfi ke zuwa daga baya. Noma a miƙe kake yinsa, kunyar gona ba ta cewa ka juya ba shiri. Ka ba ni zuwa bayan kaka, da kaina zan ce ka shiga fili."

Da ya dawo, Alhaji Buba, uban ƙungiya, mutumin da rabonsa da gudu tun yana kiwon awaki, ya tare shi a ƙofar masallaci gaban jama'a.

"Kai Rabe, mu za ka mayar yara? Da idona na ga ka zauna tahiya, sahunmu ɗaya. Shi likitan nan tsallen 'yar gala-gala yake sa ka, ka dawo ka ce mana ba ka warke ba? In tsoron Bakori kake ji, faɗi kawai mu sani."

Tsoro. Da wannan kalma suka kama shi. Ina jin haushin wannan rana har gobe, domin a cikin masu gyaɗa kai babu wanda ya san ko sunan jijiyar, kuma babu wanda za a taɓa tasa gwiwar. Rabe kuwa a garin nan zai ci gaba da zama, da su zai gaisa kullum. Ya sa riga ya shiga.

Ko hutun rabin lokaci ba a kai ba. Ya ɗauko ƙwallo daga gefe kamar da, ya kafa ƙafar dama zai yanke, ya zube. Wannan karon jijiyar ta tsinke, har da gurunguntsi. Likitocin masallaci suka taru a kansa suna salati. Wasu suka ce ƙaddara, wasu suka ce baki ne, wasu ma suka rantse jifa aka yi masa daga Bakori. Wanda zai ce "mu ne" ba a samu ba. Da Malam Zainulabidin ya ga ƙafar, bai ce na faɗa maka ba. Mutumin Katsina ya cika alkawari, ya zo bayan kaka, ya yi wa Rabe sannu ya koma.

Yanzu Rabe yana noma daidai gwargwado, yana jan ƙafa. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai, don haka a ƙarshen sahu yake salla, a kan wata farar kujerar roba. Alhaji Buba ne ya sayo ta ya ajiye masa, kuma har yau mutanen gari suna yaba masa wannan alheri.