Kofunan da Tanti Saratu ta wanke

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Tanti Saratu, ƙanwar mahaifiyata. Har yau in aka fito da tiren jibin Ubangiji, gurasa da ƙananan kofunan da ake raba wa masu bi, a majami'armu ta unguwar Talaje, sai raina ya ɓaci.

Ungozoma ce, ƴar Dogondutsi. Mijinta malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mai zaƙin murya a ƙungiyar mawaƙa, mai saurin hannu a gida. Ranar da ya karya mata haƙori ta kwashe kayanta, ta kama ɗakin haya a unguwar Wadata. Dattawan ikilisiya suka zauna, suka ce auren Kirista ba a kwance shi. Aka sa ta a horo: zama a kujerar baya, ba ɗaura zanen zumuntar mata, ba shan jibi, sai ta koma ɗakin mijinta. Shi kuwa ya ci gaba da rera waƙarsa a gaba.

Ba ta koma ba, ba ta kuma bar majami'a ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ita ke wanke ƙananan kofunan jibin. Wannan kam ba su hana ta ba. Na taɓa ce mata, "Tanti, ki bar musu kayansu mana." Ta ce, "Ke dai miƙo mini sabulu. Ai ba nasu ba ne."

Da ciwo ya kwantar da ita, ta aika a roƙi Fasto ya kawo mata jibi gida. Ya ce sai dattawa sun zauna. Kafin su sami sukunin zama, mun dawo daga maƙabarta.

Yanzu a majami'ar nan ake tara ma'aurata, ana ce wa mata in duka ya yi yawa su tsira da ransu. Ƴar wani dattijo ta rabu da mijinta, ita ke jan waƙa. Allah ya sani ba na baƙin ciki da ita. Amma ba wanda ya taɓa miƙewa ya ce an zalunci Saratu, alhali da yawa daga masu zama a gaba a hannunta aka haife su. Da tana nan, na san dariya za ta yi, ta tambayi wa ke wanke kofuna. Ba kowa, Tanti. Na roba ne yanzu, a sha a yar.

Abin da ta bar mini taurin kai ne. Duk ranar jibi nakan karɓi kofina, in taka har kujerar baya. A can nake sha.