Wat Goma Ga Kawu

Kawu ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe, ya daki tsirkiyar jita, sai gilashin kantar shagon ya kama rawa. Mai shago ya toshe kunne da yatsa. Wata mata da ta shigo sayen batir ta juya ta fita. Shi kuwa Kawu ya sunkuya kan ƙaramin amfilifayan, akwatin ƙara sautin jita, ya bubbuga shi da tafin hannu, ya ce, "Wannan ai mataccen abu ne. Ko ba ku jona wuta ba?"

A nan gabana ya faɗi haka, kuma har yau ban dawo daidai ba.

Kawu ƙanin Umma ne, autansu, kuma a ɗakin bayan gidanmu yake zaune tun ina firamare. Shekara ashirin da shida ya yi yana kaɗa jitar lantarki a wata ƙungiyar makaɗa mai wasa a otal-otal da wuraren biki. Ban taɓa saninsa da wata sana'a ba. Ƙungiyar tana da manyan lasifika biyu masu fuskantar jama'a, babu ko ɗaya mai fuskantar makaɗa. Don ya ji abin da yake kaɗawa, sai Kawu ya riƙa tsayawa dab da lasifikar hagu, kafaɗarsa na kusan taɓa ta. A duk hotunansa a wurin yake, yana murmushi, kansa a karkace.

Wata biyu da suka wuce shugaban ƙungiyar ya ce wa Kawu ya je gida ya gyara hannu, wai yana shiga kiɗa a makare. Ya ba shi zuwa ƙarshen wannan watan ya dawo a gwada shi, in ba haka ba akwai wani a layi. Kawu ya kwaso tsohon babban amfilifayansa ya kafa a ɗaki. Bayan kwana uku maƙwabta suka yi sallama, suna ƙorafin ƙara. Umma ta tsaya a ƙofarsa ta yi ta faɗa, bai ko waiwayo ba.

"Ka ga Auta ko?" ta ce mini. "Girma ya zo, kunnen ƙashi ya ƙaru. Kai da ka karanta lantarki, je ka samo masa ƙarami kafin a kore mu daga unguwa."

Na ji daɗin aiken, don tun da na gama jami'a babu wanda ya nemi karatuna. Na yi bincike, na rubuta a takarda: mai ƙarfin wat goma ya ishi ɗaki, lasifika ƙarama, da mahaɗar abin sawa a kunne. Dukkanmu mun ɗauka girman amfilifaya ne matsalar.

Abin da ya kawo mu shagon ke nan. "Maigida, wuta na ciki," in ji mai shago. "Har mai gyaran takalmi na tsallaken titi ya ɗago kai."

Kawu ya yi dariya. Na lura ba idon mutumin yake kallo ba, bakinsa yake kallo. Sannan ya ɗaga jitar, ya ɗora haɓarsa a kan jikinta, ya shiga saita tsirkiya. Shekara da shekaru ina ganin yana yin haka. Ni da ƙannena har kwaikwayonsa muke yi da tsintsiya, muna cewa salon manyan makaɗa ne. Sai a ranar na gane ta ƙashin haɓarsa yake jin sautin.

Na koma bayansa na ce, "Kawu, mu tafi." Na ƙara da ƙarfi. Na uku har muryata ta fashe, bai waiwayo ba. Mai shago ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya kama goge kantar da ba ta da datti.

Kawu ya sa aka sauko da amfilifaya huɗu. Kowanne sai ya jingina gwiwarsa da shi, ya daki tsirkiya mai kauri, ya jira girgizar ta ratsa ƙafarsa. Na miƙa masa takardata. Ya karanta, ya ninke, ya sa mini a aljihu.

"Injiniya, wat ɗinka na da kyau," ya ce. "Amma a ba ni wancan mai akwatin katako. Wanda zan iya zama a kai."

Ya zauna a kansa, ya kaɗa wata tsohuwar waƙa tun daga farko har ƙarshe, idonsa a rufe. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Shi muka saya.

A hanya na sha gabansa don ya ga bakina, na ce, "Tun yaushe?"

"Kunnen hagu ya kai shekara bakwai. Da ya tafi sai na juya wa lasifika na dama." Ya gyara riƙon akwatin. "Shi kuma tun bara ya fara. Kada ka gaya wa uwarka, ka san bakinta."

Na gaya mata. Ta zauna a bakin gado da ludayi a hannu. Can ta ce, "Kuma ina ta zaginsa."

Ranar Litinin muka kai shi asibiti. Suka sa shi a wani ɗan ɗaki mai taga ta gilashi, suka ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Ina tsaye ina kallon wata ma'aikaciya tana aika sauti, tana ƙarawa, tana ƙarawa. Babban yatsansa na kan maɓallin, a shirye. A kunnen hagu bai danna ba sam. A na dama na ƙirga sau huɗu.

Yanzu kullum da safe yana zaune a kan akwatin yana atisaye, ya rage ƙarar saboda maƙwabta. Ya ce in riƙa ɗaga masa hannu idan ya kauce. Jiya ya kauce sau biyu, ban ɗaga ba.

Likita ya ce sai ya ga hoton cikin kunnen da aka ɗauka kafin ya san ko na'urar ji za ta taimaki kunnen dama, ko jijiyar ce ta mutu. Ranar Alhamis za mu koma. Gwajin ƙungiya kuma ranar Asabar ne.