Man da Na Saya wa Mama

Mahaifiyata ta yi shekara ashirin da shida tana aikin jinya a ɗakin bakwaini, inda ake kwantar da jariran da suka zo kafin lokacinsu. Dokar ɗakin ita ce ba a taɓa jariri sai an wanke hannu, ba a barin wannan a koma kan wancan sai an sake wankewa. A yini ɗaya takan tsaya gaban famfo fiye da sau arba'in. Ga shi dama fatarta busasshiya ce tun tana yarinya, ko zobe ta sa sai wurin ya yi ja.

Haka muka taso muka ga hannuwanta, tafin da kaushi, gaɓoɓin yatsu a tsattsage, wani lokacin har da jini. In ta shafa mana kai sai mu ji gashi yana maƙalewa. Ba ta taɓa kokawa ba. Damuwarta ɗaya kada ta karci ɗan wani, don haka kowace safiya takan zauna bakin gado da ɗan almakashi tana datse fatar da ta tashi. Sannan ta lakato wani farin mai na kyamis a roba, ba ƙamshi ba kyan gani. Yayata takan tsokane ta da cewa man keken ɗinki ne.

Ranar da na karɓi albashina na farko, ban zarce ko'ina ba sai wani kantin kayan kwalliya mai madubai ta kowane gefe. Mai sayarwar ta ɗauko mini 'yar kwalbar man shafawa mai nauyi da murfi ruwan zinare, har da ɗan cokalinta, ta ce wannan ko fatar kada sai ta yi laushi. Kusan rabin albashin ya tafi a nan, na fito ina jin kaina a sama.

Mama ta juya kwalbar ta sake juyawa, ta tambayi kuɗinta, na ƙi faɗa. Da ta ga cokalin sai ta yi dariya.

"Auta, wannan sha ake yi ko shafawa?"

Ta sa mini albarka mai tsawo. Ta ce ba a shiga wurin jarirai da ƙamshi, amma za ta riƙa shafawa in ta taso daga aiki.

Bayan sati biyu na leƙo gida kamar yadda na saba, Baba ya tare ni tun daga ƙofa. Tsohon direba ne, ba ya kewaye-kewaye. Ya ce in shiga in ce uwata ta fito da hannuwanta daga cikin mayafi. Na shiga, ta yi ta kawo wasu zantuka, daga baya ta miƙo. Sun yi jajur, ƙananan ƙuraje har wuyan hannu. Ashe tun kwana na uku man yake yi mata zafi, har an ɗauke ta daga kan jarirai an mayar da ita rubuta takardu. Likitan fata na asibitinsu ya gaya mata turaren da ke ciki ne bai karɓe ta ba, kuma fata ba ta san tsada ba, ya ce ta koma wa man robarta ta riƙa shafawa tun hannun yana da danshi. Duk da haka ba ta daina shafa nawa ba.

Na tambaye ta dalili. Ta ce ta lura duk zuwan da na yi sai na buɗe kwalbar na leƙa ko ta ragu.

Na shige kicin na yi kukana. Ta biyo ni, ta tsaya kusa da ni tana gyara murfin tukunyar da ba abin da ya same shi.

"Ki daina," ta ce. "Sati biyu ina ƙamshin guminki. Ƙaiƙayi ai mai wucewa ne."

Cikin kwana goma ƙurajen suka kwanta, ta koma ɗakinta na aiki. Sauran man kuwa Baba ya gaje shi, ya ce ba za a zubar da dukiya yana raye ba. Ya shafe shi kaf a faso, yana yi yana amfani da cokalin. Mama ta yi wata guda tana gaya wa baƙi cewa duk unguwar ba diddigen da ya kai na mijinta daraja.

Bara ta yi ritaya. Wata biyu da barin sabulun asibiti, hannuwan suka yi laushin da ban taɓa ji ba. Sai zaman ya ishe ta, ta jera tsofaffin bokitai a bayan ɗaki ta shuka tumatir da barkono, kullum yatsunta cikin ƙasa. Yanzu rigimarmu a kan safar hannu ce. Na saya mata guda biyu, ta ce da su ba ta gane ko ƙasar ta sha ruwa.