Sana'ar da Baba Ya Zaɓa Mini

Shekarar da na koma Bodinga da zama, aikina ɗaya ne: rubuta wata 'yar manhaja da masu harkar kwamfuta ke kira laburare. Akwai wani tsarin ajiya da ke rarraba bayanai a kan injuna da yawa a garuruwa daban-daban, don in ɗaya ya mutu sauran su riƙe. Tawa ita ce a tsakani. Ta karɓi saƙo, ta nemo injin da ke aiki, ta kai, in ta ji shiru ta nufi wani. Ba ta da hoto, ba ta da launi, mai amfani da ita ma bai san da zamanta ba.

Ni ina jin daɗin aikin, amma mahaifina yana cikin damuwa. Bayan la'asar dattawa kan zauna a ƙofar masallaci, hira ta biyo ta kan 'ya'ya. Wannan ɗansa na lodin albasa zuwa Kudu, wancan nasa malamin makaranta ne. In an zo kan Baba, sai ya kama gyaran hula.

Ran nan ya shigo zaure ya tarar da ni a gaban kwamfuta, ya ce, "Kai, wai mi kaka yi cikin abin ga?"

Na yi masa bayani. Abin mamaki, ya gane rarrabawar nan take. Ya ce lokacin tsadar da aka sha a ƙarshen mulkin farar hula na biyu, haka ya raba geronsa: wani a gida, wani a Danchadi, wani wurin ƙanwarsa a Shagari, don gudun gobara da idon jama'a. Har fuskarsa ta saki.

"To kai ka gina rumbunan?"

"A'a, Baba."

"Hatcin hwa, naka na?"

"Na mutane ne. Ni mai kaiwa da ɗaukowa nake ƙerawa."

"Ɗan aike ke nan," in ji shi, ya tashi.

Na ƙulla a raina in na gama zan nuna masa. Da na gama, abin nunawar bai wuce layin rubutu guda ba, wai duk gwaji ya yi kyau. Ya kanne ido ya leƙa, ya ce madalla, irin wadda ake ce wa yaron da ya gina ɗaki da ƙasa. Har yau abin yana ci mini rai, don ban taɓa ba shi maganar da zai fita da ita ba.

Da damina ya rasu. Ranar addu'ar uku, wani tsohon abokinsa ya matso kusa da ni a kan tabarma, ya ciro wata waya mai fasasshen gilashi daga aljihu.

"Marigayi kullum shina hwaɗi muna," ya ce, "duk Sakkwato babu mai gyaran waya irinka."

Na sa hannu biyu na karɓa. Na ce masa ya dawo jibi.